Abin da Baba Manasseh Ya Sa a Takalmin Alhaji Bara'u

Idan ka gamu da Baba Manasseh a Stockport Road, kada ka ji haushi don bai kalli fuskarka ba. Ba girman kai ba ne. Mutumin daga ƙasa yake fara gaisuwa. Zai dubi dunduniyar takalminka, ya dubi yadda kake jefa ƙafa, sai can ya ɗago kai ya ce, "A'a, ashe kai ne! Ina kwana? Yaya gwiwar?" Kai kuwa ko matarka ba ka taɓa gaya wa gwiwarka na ciwo ba.

Mutumin Pankshin ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, shekarunsa sittin da bakwai, kuma hular ulu ba ta barin kansa ko da rana ta fito, abin da ba ya yawan faruwa a Manchester. Tun yana saurayi ya koyi ɗinkin takalmi a wani asibitin mishan da ke bayan Jos, inda ake yi wa kutare da masu shan-inna takalma na musamman. A can ya kamu da abin da har yau bai sake shi ba. Akwai wata tsohuwar Baturiya likitar ƙashi, tana da ƙasusuwan ƙafar mutum da aka harhaɗa da waya, da su take danne takardu a kan teburinta. Wata rana ta nuna masa wasu ƙanana guda uku a tsakiyar ƙafar, sun jeru kamar 'yan'uwa a benci ɗaya, ta ce sunansu cuneiform. Ya ce me ke nan? Ta tashi ta je bakin ƙofa, ta zaro ɗan katakon da aka tokare ƙofar da shi, ƙofa ta rufu garam, ta ɗora masa katakon a tafin hannu. Ta ce wannan da Latin sunansa cuneus. Wato weji, irin wanda ake jefa wa tayar babbar mota a kan gangara, kauri ta baya, tsini ta gaba. Cuneiform kuma shi ne duk abin da aka yi da siffar weji.

Shi ke nan fa. Wasu Latin ta kai su ga zama fada a coci, wasu ta mai da su lauyoyi. Manasseh kalma ɗaya ya samu da 'ya'yanta, ya riƙe ta shekara arba'in da biyar. Ya sayi tsohon ƙamus na Latin a wajen masu littattafai a kasuwar Terminus ta Jos, har yanzu yana nan a gidansa da ke Levenshulme. Duk shafukan fari tas suke, sai guda ɗaya da ya yi baƙi da man takalmi.

Daga wannan shafin yake ciyar da mu. Idan aka yanka kankana a wajen biki, zai ɗaga yanki ɗaya ya ce, "Kun ga wannan? Cuneus." In ya tsinci ganye mai siririn gindi a bakin hanya, zai tsayar da kai cikin ruwan sama ya gaya maka masana tsirrai cuneatus suke ce masa. Ya san mutanen da, a ƙasar da yanzu ake kira Iraƙi, suna danna bakin kara a kan ɗanyen yumɓu su yi rubutu, kuma rubutun nan ma cuneiform aka sa masa, don kowane ɗigo kamar ƙaramin weji yake. Ya san sojojin Rumawa in za su fasa rundunar abokan gaba sai su jeru mutum ɗaya a gaba, biyu a bayansa, ana ta faɗi, shi ma cuneus ne. Da wannan dabarar yake shigar da iyalinsa bas a Oxford Road da yamma, shi a gaba.

Matarsa Justina, wadda muke kira Maman Shalom, nas ce. Ita ta fara zuwa aiki ƙasar nan, shi ya biyo ta bayan shekara guda. Ta taɓa gaya min cewa ranar da ya fara zuwa zance wajenta, bai ce tana da kyau ba. Ce mata ya yi tana taka ƙasa daidai.

"Kuma kika aure shi?"

"To me zan yi? Duk samarin garin ƙarya suke min. Shi kaɗai ya faɗi abin da ya gani."

Sun fara zama a Whalley Range, cikin ɗaya daga manyan gidajen nan da aka yayyanka aka mai da su flat-flat. Daɓen gidan a karkace yake, in ka ajiye lemo a falo sai ka same shi a kicin. Cikin mako biyu Manasseh ya tokare duk abin da ke da ƙafa a gidan, tebur, gado, firji, har na maƙwabta. Ta haka ya san Dakta Falalu, Bakano, likitan yara, wanda ke hawa na sama da amaryarsa da ɗansu na fari, Abdussalam. Daga tokare gadon jariri abota ta ƙullu. Da Kirsimeti shinkafa ta hau sama, da Sallah nama ya sauko ƙasa. Yaron ya tashi yana ce masa Uncle, rabin tuwon da ya ci a duniya na Maman Shalom ne.

Manasseh ya yi shekara goma sha takwas a wani ƙaramin wurin aiki inda ake yi wa masu ciwon ƙafa shimfiɗar cikin takalmi. Ya yi ritaya, amma ba wanda ya sanar da hannuwansa. Ku kuma kun san mu, duk inda muka taru, suna ne ko gaisuwa ko addu'a, a bakin ƙofa muke tuɓe takalma. Ga sauran jama'a tarin takalma ne. Ga Manasseh layin marasa lafiya ne da ba su san sun zo asibiti ba. Sai a neme shi a rasa. In aka tashi, kowa ya zura ƙafa ya ji wani abu ya canza. Da yawa sun gode masa daga baya. Amma an yi shekarar da ya ruɗe tsakanin takalman mata biyu masu kama ɗaya, shugabar mawaƙan cocinsu ta yi mako guda tana tafiya tana karkata hagu kamar mota mai faci, har ta je wajen GP, likitan unguwa.

To, a bara Abdussalam ya ga yarinya. Rumaisa sunanta, 'yar Birmingham, tare suka yi jami'a. Maganar ta kai ga manya. Bisa al'ada uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure da kansa, 'yan'uwansa yake turawa, haka shi ma uban yarinya ba ya zama, yayansa ko ƙanensa yake sawa a gaba. 'Yan'uwan Dakta Falalu duk suna Kano, wanda ya yi niyyar zuwa kuma bizarsa ba ta fito a kan lokaci ba. Sai ya kira Injiniya Sanda, dattijo mai iya magana, ya ce shi zai jagoranta. Ni aka ce in ja mota. Sannan ya taka har Levenshulme.

"Baban Shalom," ya ce, "kai ne baffan yaron nan. A ƙasar nan ba ni da wanda ya fi ka kusa da shi."

Manasseh ya cire hula, abin da ban taɓa gani ba, ya goge ido da ita.

"Sai dai akwai magana," in ji Dakta. "Yayan uban yarinyar, Alhaji Bara'u, shi ne waliyyi. Akanta ne mai ritaya. Mutum biyu sun je neman 'ya'yan gidan kafin mu, duk ya ce musu, ku je za mu neme ku. Ɗaya yanzu 'ya'yansa uku da wata matar, har yau ba a neme shi ba. In ya faɗa mana wannan kalmar, an gama. Yaron nan kwana biyu ke nan bai ci abincin kirki ba."

"Likita, me kake so in yi?"

"Kada ka yi komai. Abin da nake roƙo ke nan. Ba Latin. Ba takalmi."

"Haba Likita, sai ka ce yaro."

Maman Shalom ta leƙo daga kicin. "Ka bar shi da ni, Dakta."

Ranar Asabar da rana ta tsayar da shi a bakin ƙofa cikin babbar rigarsa, ta caje shi kamar a filin jirgi. Daga aljihun riga ta fito da weji huɗu. Daga na wando ta fito da 'yar wuƙa da gam. Ya ce shi ke nan. Ta ce ya cire hula. Biyu suka faɗo.

"Waɗannan na gaggawa ne," ya ce.

"Baban Shalom, kai da bakinka ka ce weji aiki biyu yake yi, ko ya tokare ko ya tsaga. In ka tsaga min auren yaron nan, ka nemi flat a Birmingham."

Muka kama hanya da goro da alewa a bayan mota. Sanda yana ta maimaita jawabinsa. Manasseh ya daure har muka wuce garin Stoke, inda wata babbar mota ta kutsa tsakaninmu da ta gabanmu. Ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe.

Gidan Alhaji Bara'u yana da siririn zaure mai farin kafet, takalma a jere a gefe. Muka tuɓe namu. Manasseh ya ɗaga kai sama yana kallon silin, yana laluben bango, kamar mai tsallake rafi a kan gungume. Saura taku biyu ya shige falo ido ya ci amanarsa. Akwai wani jan takalmi sau-ciki a ƙarshen layi, na hagun ya kwanta ta ciki, bayansa ya kumbura a tsakiya. Na ji wani ƙaramin nishi ya fito masa. Na tura shi ciki.

Matar gidan, Hajiya Kubura, ta kawo shayi da lemo a kan tire, muka gaisa, ta koma. Sai ga Alhaji Bara'u yana saukowa daga bene, dogon mutum mai furfura, hannu biyu a kan ƙarfen tsani, taki ɗaya sai ya huta. Fuskar nan a murtuke. Ya zauna, ya ɗora ƙafar hagu a kan tumtum, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar takardun da aka cike ba daidai ba.

Sanda ya yi jawabi mai kyau, wallahi. Ya kawo asalin Dakta Falalu tun daga kakansa, ya yabi gidan da muka zo, ya ce ɗanmu ya ga 'yarku, mun zo neman iri. Alhaji ya saurara har ƙarshe.

"Yaron me yake yi?"

"Software engineer ne, Alhaji."

"Wato yana zaune a ɗaki yana danne-danne."

"Ana biyansa a kai, ranka ya daɗe."

Alhaji ya gyara ƙafa, ya cije leɓe. "Yana jin Hausa?"

"Yana ji sarai."

"Yana mayarwa?"

"Yana... ƙoƙari."

"Ƙoƙari. In ya kira ni a waya, hiya irin ta Turawa zai ce min ko salamu alaikum?" Ya sake motsa ƙafar, fuska ta ƙara haɗewa. "Kuma Manchester. Duk faɗin Ingila a rasa inda za a kai yarinya sai garin da ba a shanya kaya a waje."

Manasseh ya matso kusa da kunnena. "Ba yaron yake ƙi ba," ya ce a hankali. "Ka lura. Sai ya motsa ƙafar tambayar take zafi."

Na mintsine shi a cinya.

Ana cikin haka wayar Alhaji ta kira sallar la'asar. Ya ce, "Bari mu yi salla. In mun idar sai in gaya muku abin da na gani." Ni da Sanda muka dubi juna. Mun san abin da ya gani. Muka bi shi ɗakin baya inda aka shimfiɗa darduma. Ba wanda ya yi tunanin abin da muka bari a baya: Kirista ɗaya tak, shi kaɗai, da minti goma, da zaure cike da takalma.

Abin da ya faru a minti goman nan daga bakinsa na ji daga baya. Ya ce ya zauna a kan hannuwansa. Ya karanta Zabura guda a zuci. Ya ga gara ya sha shayi ko hankalinsa ya ɗauku. Da ya ɗaga butar, sai ga ɗan faifan da aka ɗora ta a kai, na cork, ɓawon itacen nan mai taushi da ake toshe bakin kwalba da shi, wanda kuma shi ne ainihin abin da ya yi shekara goma sha takwas yana yankawa. Kusa da shi ga wuƙar yanka lemo.

"Ni ban nemi jaraba ba," ya ce min. "A kan tire aka kawo min ita."

Ya yanki gefen faifan, ya fere shi, kauri ta nan, siriri ta can. Ya fita zaure ya durƙusa, ya ɗauki jan takalmin, ya ɗaga shimfiɗar cikinsa, ya tura abin a ƙarƙashi. Yana auna wurin da babban yatsa yana kiran sunayen ƙasusuwan nan uku ƙasa-ƙasa, yadda ya saba in yana aiki.

Shi kuwa Alhaji Bara'u, saboda ƙafar, a kan kujera yake salla. Don haka muna ƙoƙarin miƙewa daga ƙasa shi har ya kai ƙofa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kubura! Injiniya! Ku zo ku gani da idonku!"

Muka fito a guje. Ga baffan ango a durƙushe, babbar riga ta bazu a kafet, hancinsa kusan cikin takalmin waliyyin amarya, wuƙa a gefe.

Duk wanda ya tashi a gida ya san abin da wannan hoton yake nufi. In ana so a juya zuciyar mutum, ya ce i a inda ya yi niyyar cewa a'a, ta sawunsa ake bi ko ta takalminsa. Kuma ranar neman aure, daga hannun masu nema.

"Shekara talatin da ɗaya ina ƙasar nan," in ji Alhaji, "na ɗauka na baro wannan a gida. Ashe har babban titin M6 yake bi! Bawan Allah, me ka sa min?"

"Ranka ya daɗe, ba abin da kake zato ba ne. Ni dattijo ne a coci."

"Su ma muna jin labarinsu! Me kake karantawa a ciki? Na ji ka da kunnena."

"Sunan ƙashi ne kawai."

"Faɗi mu ji."

Manasseh ya dube ni, ya dubi Sanda. Sanda ya rufe ido. "Cuneiforme mediale," ya ce a sanyaye. "Intermedium. Laterale."

"A'uzu billahi. Kun ji ko? Har uku."

Sanda ya fara, "Alhaji, don girman Allah..." amma jawabin da ya shirya bai tanadi wannan wurin ba, sai ya tsaya nan.

Hajiya Kubura ce ta ratsa mu. Ta shiga falo, ta fito riƙe da faifan, an cinye masa gefe kamar ɓera ya samu. Ta karɓi takalmin daga hannun Manasseh, ta zaro abin da ke ciki da yatsa biyu, ta kara shi a gurbin. Ya zauna daram.

"Alhaji, in asiri ne, to da faifaina aka yi shi. Guda shida ne saitin, ƙanwata ta kawo min." Ta juya ga Manasseh. "Malam, wannan ba laya ba ce. Ɓarna ce."

"Ɓarna ce, Hajiya. Ki yafe min."

Ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe gwiwa, ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Ban taɓa jin ya yi magana ba wasa a ciki kamar ranar ba.

"Alhaji, na yi laifi, kuma laifina ne ni kaɗai. Uban yaron ya roƙe ni kada in taɓa takalmin kowa. Matata ta caje ni har hula. Yaron bai san komai ba. Ka kore ni, in je in zauna a mota, ka yi magana da mutanen kirki. Amma kada ka hana shi saboda tsoho mai ƙaiƙayin hannu."

Ya juya zai nemi nasa takalmin. Ya kai hannu, ya tsaya. Na ga yana kokawa da kansa, na kuma ga an kayar da shi.

"Sai dai kafin in fita. Ciwon a nan yake." Ya nuna bayan ƙafarsa, daidai tsakiya. "Ba a dunduniya ba, ba a yatsu ba. Da safe in ka sauko daga gado, taku goman farko kamar a kan ƙusa. Sauka daga bene ya fi hawa wuya. Kuma tuni ka daina zuwa masallaci a ƙafa."

Alhaji ya juya ga matarsa. "Ke kika gaya masa?"

"Yau na fara ganinsa a duniya."

"Takalminka ya gaya min, ranka ya daɗe. Waɗancan sunaye uku da ka ji, ƙasusuwa ne ƙanana a tsakiyar ƙafa, kowanne da siffar weji. Ka san bakan gizo na ginin soro, yadda yake ɗauke da rufi? Haka suke ɗauke da mutum. Naka na hagu bakan ya fara kwanciya, suna gugar juna. Ɗan abin nan in ya shiga ta ciki, sai ya ɗauke musu wani nauyin. Ba magani ba ne, kada ka fasa ganin likita."

"Likita!" in ji Alhaji. "Wata tara ina waiting list."

Hajiya Kubura ta mai da wejin inda ta ciro shi, ta daidaita shimfiɗar, ta ajiye takalmin a gaban mijinta. Alhaji ya dube shi yadda mai azumi ke duban randa. Ya ɗaga ƙafar hagu. Ta kusa shiga, sai ya janye ta.

"Tsaya tukuna. Ni ba yaro ba ne. In na sa takalmin nan na ji daɗi, sannan na ce na ba ku, kafin azahar gobe labari ya kai Kano cewa an gama da Bara'u da faifan shayi. Har jikokina sai an gaya musu."

"Ba mai faɗa, Alhaji," in ji Sanda.

"Kubura za ta faɗa."

"Zan faɗa," in ji Hajiya.

"In kuma na ce ku je za mu neme ku, wanda shi na yi niyyar faɗa, ba na ɓoye muku, to da wane ido zan sa abin da baƙon da na kora ya gyara min? Sai dai in cire in jefar."

"Ni kuma in ci gaba da jin nishi daga bene har kicin," in ji Hajiya.

Alhaji ya jingina da bango, ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe. "Yarinyar tana son sa?"

"Sau huɗu ke nan kana tambayata, Alhaji. Amsar ba ta canza ba."

"Wata biyu ina bincike a kan yaron nan," ya ce mana, kamar mai kai ƙara. "Na kira Manchester, na kira Kano, har limaminsu na kira. Ban sami komai ba. Ko takardar tarar parking. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Mutum a ce ba shi da komai?" Ya dubi Manasseh ta wutsiyar ido. "Kai da takalma ke yi wa gulma. Nasa me suka ce maka?"

"Tun yana shekara biyu nake ganin takalmansa, ranka ya daɗe. Dunduniya biyun tare suke cinyewa, daidai wa daida. Ba ya jan ƙafa, ba ya sanɗa. Inda ya ce zai je, nan yake zuwa."

Alhaji ya gyara tsayuwa. Sannan ya ɗaga ƙafar sama sosai, ya riƙe ƙarfen tsani.

"Injiniya, dubi nan. Kai ma direba, duba. Kubura, ke musamman. Me ke ƙafata?"

"Safa," muka ce.

"Ta taɓa takalmin nan?"

"Ba ta taɓa ba."

"To ku shaida, da hankalina, da safata, ba abin kowa a jikina, na ba Abdussalam ɗan Falalu 'yata Rumaisa. Allah ya sa albarka. A kawo goron."

A nan cikin zaure, a tsaye tsakanin takalma, Sanda ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Amin ɗin Manasseh ta fi ta kowa ƙarfi. Daga saman bene muka ji wata ƙara da gudu-gudu, alamar akwai waɗanda suka fi mu sauraro.

Ba a gama shafawa ba Alhaji ya zura ƙafa. Ya sa ɗayan. Ya taka zuwa ƙofa. Ya buɗe, ya fita cikin yayyafi har bakin titi, ya tsaya yana kallon motoci kamar wanda aka aika ya ƙirga su, ya dawo.

"Yaya, ranka ya daɗe?" in ji Manasseh.

"Hm. Ba laifi."

"Da sauƙi?"

"Na ce ba laifi. Kada ka cika baki."

Bai tuɓe ba. A kan farin kafet ɗin Hajiya ya bi da jiƙaƙƙen takalmi ya hau bene, hannu ɗaya kawai a kan ƙarfe. Muka ji ana buɗe durowa ana rufewa. Can sai ga shi da babbar leda, ya dangwara wa Manasseh a ƙirji. Manasseh ya leƙa. Takalma ne guda tara, duk na hagu.

"Ranar Juma'a nake son su, kafin masallaci. Kai za ka kawo da kanka, kada ka aiko. Kuma ka taho da Maman... wa?"

"Maman Shalom."

"Ita. Ina so in ga matar da ta haƙura da kai."

Hajiya Kubura ta shiga kicin ta fito da sauran faifai biyar, ta jefa su cikin ledar.

"Tunda ka raba su da ɗan'uwansu, tafi da su. Amma ranar Juma'a ka yi min waya kuna hanya, Malam, in ɓoye katakon yanka albasa."